Yumɓun da Tasalla ta shafa a ka

Dalilin da ya sa ko kun wuni kuna zura wa ƙanenku ido ba za ku ga abin da yake tunani ba, yara, wata maginiyar tukwane ce mai suna Tasalla.

A zamanin da, maɗigar mutum ba ta rufewa. Wurin nan mai taushi da kuke gani yana motsi a tsakar kan jariri, haka yake zama har tsufa. Ƙwaƙwalwa na ciki tana aikinta, tunani kuma yana tasowa ta nan kamar tururin tukunya, kowa yana kallo. In ka yi kwaɗayin naman da ke kwanon maƙwabcinka, ga naman nan a saman kanka, sai dai a yi dariya a sam maka. Babu maƙaryaci a garin, babu kuma mai sirri.

Ana nan sai Tanko, mijin Tasalla, ya kwanta ciwo. Mai magani ya zo ya duba shi, ya ja ta gefe ya ce, "In dai yana cin abinci, zai tashi. In ya daina, sai haƙuri."

To, ga inda matsalar take. Tsoro ya cika Tasalla. Duk lokacin da ta shigo da kunu, abin da ke tashi a kanta likkafani ne da makara. Tanko ya ɗaga ido ya gani, sai ya ture ƙwaryar.

"Maigida, daure ka sha ko kaɗan ne."

"In sha me? Ke ma kin riga kin binne ni."

Ta yi ta ƙoƙarin tuna abin daɗi, amma wa ya isa ya hana zuciya tsoro? Tanko ya rame, har muryarsa ta fara dushewa. Abin tausayi, son da take masa shi ne yake kashe shi.

Ran nan tana liƙe bakin wata tukunya da yumɓu, sai ta tsaya ta dubi hannunta. Ta ɗebi yumɓun ta shafe maɗigarta, ta zauna a rana har ya bushe, sannan ta ɗauki kunu ta shiga.

Tanko ya duba, bai ga komai ba. "Ina tunaninki?"

"Yana ciki. Cewa yake za ka warke."

Ya karɓi ƙwaryar ya shanye. Kafin kaka ta yi, ya koma gona.

Da ta zo ɓamɓare yumɓun, ashe ya haɗe da ƙashi. Tanko ya sa hannu ya shafa wurin, ransa duk ya ɓaci, don a da in ya dawo daga gona fuskarsa yake tararwa a saman kanta.

"Yanzu ban san ko ina ciki ba," in ji shi.

Kunya ta kama Tasalla, don ba ta taɓa buƙatar faɗa da baki ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kana ciki, maigida."

"Yaya zan sani?"

"Sai dai ka yarda."

'Ya'yan da ta haifa bayan nan, kafin yaye maɗigarsu ta rufe, jikoki ma haka, har abin ya game duniya. Tunani da ya rasa ƙofa sai ya narke cikin ƙwaƙwalwa kamar gishiri a miya. Masana na ta gardama, wasu su ce ƙwaƙwalwa ce ke dafa shi, wasu su ce mazubi ce kawai.

Shi ya sa har yau ko likita ya leƙa cikin kai, ƙwaƙwalwa zai gani, ba zai ga wanda kake so ba. In kana son mutum, buɗe baki ka gaya masa.