Wa Zai Zuba wa Ƙarama Ruwa?

Akwai wata mata mai kula da ƙaramin asibiti a wani ƙauye, a zamanin da babu famfo, sai rijiya a bayan ɗakin haihuwa. Waɗanda suka san irin asibitocin nan za su tuna yadda akan buɗe aiki da waƙa da addu'a a baranda, zannuwan gado kuma suna shan rana a kan igiya. Kowa Mama yake kiranta.

Wata shekara aka kawo mata sababbin ma'aikata mata uku. Abu na fari da ta koya musu shi ne wanke hannu. Ta ajiye buta da sabulu, da tasa a ƙasa don tare ruwa. Ta ce, "Kafin ku taɓa marar lafiya, da bayan kun taɓa shi, wata ta zuba wa wata. Mai wankewa kada ta kama butar, gama hannunta bai tsarkaka ba tukuna."

Matan nan kuwa sun sami tarbiyya a gidajensu. Ƙaramarsu, Tabita, ita ke zuba wa manyan biyu. In aka zo kanta, ba mai ɗaukar buta, gama a inda suka tashi babba ba ya zuba wa ƙarami ruwa, ita ma kunya ba ta barinta ta roƙa. Sai ta tsoma hannu cikin tasar, kamar yadda autar gida ke yi in za a ci tuwo. Ita ce kuma aka fi aika ta goge wa jarirai fuska.

Ana nan, sai wata mata da ta daɗe tana roƙon Allah haihuwa ta haifi ɗa namiji. Kafin ranar suna idanunsa suka kumbura, suka manne. Uwar ta kama bakin zanin Mama, ta ce, "Mama, ɗan nawa makancewa zai yi?"

Mama ta sa masa magani, ta kira ma'aikatan, ta ce, "Kuna wanke hannu kuwa?"

Babbarsu ta ce, "Haba Mama, dubi nan. Sabulunki ya cinye mini lalle tas, har maigida na tambaya."

Tabita ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ina wankewa, Mama." Ba ƙarya ta yi ba.

Mama ba ta yi faɗa ba. Da gari ya waye ta zauna a gefe tana kallo, har ta ga Tabita ta nufi tasa. Sai ta miƙe, ta ɗauki buta.

"Miƙo hannu, 'yata."

Tabita ta ja da baya. "Wayyo Mama, rufa mini asiri! In babata ta ji ke kika zuba mini ruwa, ina zan sa kaina?"

"In ta zo, ita ma sai in zuba mata. Miƙo, jariri na jira."

Mama ta sunkuya ta zuba. Sai babbar ma'aikatan ta matso ta ce, "Kawo, Mama, ni zan ƙarasa."

Daga ranar ba jaririn da ya sake kamuwa da ciwon ido. Yaron kuwa, ido ɗaya ya warke sarai, ɗayan bai taɓa gani sosai ba har girmansa.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ladabi kyauta ce daga Allah, ba wanda ya ce a yar da shi. Amma ladabin da ke rufe bakin ƙarami, ya kuma hana babba sunkuyawa, marar ƙarfi ne ke shan wahalarsa. Ubangijinmu da kansa ya durƙusa ya wanke ƙafafun masu binsa, girmansa bai ragu ba.

Ku da ke aikin asibiti a cikinmu, yau kuna da famfo, amma kunyar tana nan. Koya wa mutum wanke hannu bai isa ba, sai an duba abin da ke hana shi. In ƙaramar ma'aikaciya ta ce, "Likita, ba ka wanke hannu ba," a gode mata a gaban kowa. Haka ma a gida da ikilisiya: babba ya fara sunkuyawa, kada ya jira sai wani ya rasa ido.