Ranar da Hawaye Ya Daina Jin Magana

Dalilin da ya sa hawaye ba ya neman izinin mai ido kafin ya zubo, yara, daga wajen wata mai kaɗi abin ya faro, sunanta Kuluwa. Ku gyara zama, mai tsokanar ƙanensa kuma ya dakata sai na gama.

A zamanin da, hawaye bara ne a jikin mutum. Yana zaune can bayan ido, ba ya motsi sai an kira shi. In mutum yana son kuka sai ya taɓa gefen idonsa da ƙaramin yatsa ya ce fito, ya fito. In ya ishe shi ya ce koma, ya koma. Mata in za su gaisuwar mutuwa, suna tafe suna hirar miyar jiya, sai an kai bakin zaure kowace ta taɓa ido, a shiga ana sharɓar kuka. Yaro in ya faɗi, sai ya waiwaya ya ga ko uwarsa na kusa tukuna. Mutanen lokacin gani suke sun more, don babu wanda fuskarsa ta taɓa tona masa asiri.

To, a Rafin Gawo akwai Kuluwa. Masaƙan gari uku rububin zarenta suke yi, saboda tun tana budurwa ba a taɓa ganin ya tsinke mata ba. Kullum yatsunta fari fat da alli, don kaɗi ba ya son danshi ko kaɗan. Ɗanta na fari shi ne Nomau. Kun dai san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi. Sauran mata a gaban surukai suke yin haka, in an shiga ɗaki a rungume yaro. Ita Kuluwa har cikin ɗakin ta shiga da abin. “Wancan” take ce masa. Alhali kuwa duk cikin ’ya’yanta shi ta fi so, so mai ciwo ma. In ta tsame masa tsoka daga miya, sai ta ba ƙanwarsa Tasalla ta kai, ta ce a gaya masa kakarsa ce ta aiko.

Nomau ya girma ya shiga cikin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Ranar tafiyarsa ta farko kowa a gidan ya taɓa ido, har da maƙwabciyar da suka shekara ba sa ga maciji a kan akuyarta da ta ci masa wake. Kuluwa na zaune a ƙofar ɗakinta tana murza mazari. Hawaye ya ƙwanƙwasa daga ciki, ya tambaya ko ya fito. Ta ce ya zauna. Nomau ya dube ta, ya dube ta, ya kora jakunansa.

Shekara bakwai bai dawo ba. Da ya dawo, ya gaya wa baffansa cewa a can mai masaukinsa ya ba shi gona ya kuma yi masa tayin ’ya. Ya ce ya zo ne ya duba ko akwai mai bukatarsa a garin nan. In babu, ran Alhamis in ayari ya tashi zai bi, kuma ya tafi ke nan. Tasalla ta kawo wa uwarsu maganar da gudu, ta roƙe ta ko da ɗigo ɗaya ne ta kira, mene ne a ciki, kowa ma yana yi. Kuluwa ta ce ita ba kowa ba ce. Ta tashi ta daka masa dakuwar guzuri har tafin hannunta ya yi bororo, ta ce a kai wa wancan, a ce daga baffansa ne.

Ran Alhamis da hantsi an gama yi wa jakuna labtu. Nomau ya shigo tsakar gida, matan gidan duk suna nan, ya durƙusa a gabanta.

“Inna, zan tafi. Wannan karon ban sa ranar dawowa ba.”

“Allah ya kiyaye hanya,” in ji ta, idonta a kan zare.

Ya ɗan jira. Ta ci gaba da murza mazari. Ya miƙe ya juya.

Sai Hawaye ya sake ƙwanƙwasawa, yau kuwa da ƙarfi. Kuluwa ta ce masa a zuci ido nata ne, shi kuma baranta ne, ga mutane na kallo, ya zauna. Hawaye ya ce shekara talatin yana cika yana batsewa a kan mutumin nan ɗaya, ba a taɓa buɗe masa ƙofa ba.

“’Yan’uwana ana kiransu a kan wanda ba a so, su je. Ni ga wanda ake so zai fita ba dawowa, an ce in zauna. Uwar gida, na bar aiki.”

Ɗigo ɗaya ya fara gangarowa. Ya sauka a kan yatsunta, alli ya jiƙe, mazari ya suɓuce, zare ya tsinke. Mazarin ya gangara har ya taɓa dugadugan Nomau. Ya sunkuya ya ɗauka. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin abin nan a ƙasa ba, don haka ya waiwaya. Ga uwarsa zaune kamar kullum, baki a rufe, kai a miƙe, fuska kuwa sharkaf. Ta ce wa Hawaye koma ya fi sau goma, ko gezau.

“Hayaƙi ne,” ta ce.

Ba a ko hura wuta a gidan ba tukuna. Nomau ya dubi murhu, ya dube ta, ya aje mata mazarin a gefen tabarma.

“Lalle hayaƙin ya yi yawa, Inna.”

Ya fita ya sauke wa jakunansa kaya. Ayari ya tashi ba shi.

Kada ku zaci Kuluwa ta gode. Haushi ta ji, ta kwana uku ba ta fito tsakar gida ba don kunya. Ta lallashi Hawaye ya koma bakin aikinsa, ta yi faɗa, ta yi alkawarin za ta riƙa kiransa kowace Juma’a. Ya ce a’a, wanda ya ɗanɗani fita da ƙafarsa ba ya komawa jiran kira. Amma don zaman da suka yi tare ya bar mata abu biyu: haɓar zanenta ta share shi, da bakinta ta faɗi abin da ta ga dama. Zuwa da tafiya kuwa nasa ne.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya kai ga hawayen kowa. A gaisuwar mutuwa ta gaba, maƙwabciyar nan mai akuya ta murji ido har ya yi ja, ko ɗigo. Madugun fatake kuwa, ƙato mai gemu da ba a taɓa ganin lagonsa ba, ranar da tsohon jakinsa ya mutu sai ga shi yana shessheƙa a tsakiyar kasuwa, yana zagin idonsa.

Kuluwa ta ƙara shekara ashirin a duniya, Nomau na noma a bayan gidanta. Har ta rasu ba ta kama sunansa ba, wannan kam ya rage a hannunta kuma ta riƙe. Sai dai duk ranar da ya yi yamma a gona bai dawo ba, gidan yakan cika da hayaƙin da ita kaɗai ke gani.

Shi ya sa har yau za ka kira hawaye ya ƙi zuwa, ka kore shi ya ƙi komawa, abin da ya rage maka shi ne sharewa. In kuwa kun ga babba yana goge ido ya ce muku hayaƙi ne, kada ku dubi murhu. Ku ce lalle ya yi yawa, ku zauna kusa da shi.