Gwiwar Zakka

Akwai wani mutum a wani gari na gindin duwatsu, wanda dattawan ikkilisiya suka danƙa wa matasa ya koya musu ƙwallon ƙafa. Shi kansa ɗan baya ne a ƙuruciyarsa, saboda haka tsaron gida shi ne abin da ya fi ba muhimmanci. Matasan suna kiransa Koci.

Kowace yamma yakan tara su a filin bayan makaranta, ya ce musu, "Idan ƙwallo ta kuɓuce mana, wanda ya fi kusa da ita shi zai fita ya tare. Kada ya afka da ƙafa, ya dai rage wa mai ƙwallon gudu. Na kusa da shi ya tsaya kaɗan daga bayansa, domin in an yanke na farko a tarar da na biyu. Sauranku ku matso ku toshe tsakiya. Ku kuma buɗe baki, gama wanda yake baya yana ganin abin da na gaba ba ya gani."

Sukan ce, "Mun ji, Koci." Amma jin bai wuce kunne ba.

Dalilin kuwa shi ne, a cikin 'yan bayan akwai wani magini mai suna Zakka. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, ga gudu kamar barewa. In an yanke ɗan baya na dama, Zakka ya iso. In an yanke na hagu, Zakka ya iso. Da sannu sauran suka gane cewa ko sun gudu ko ba su gudu ba, ƙwallo ba za ta kai raga ba. Sai suka koyi tsayawa. Da zarar abokan karawa sun taso, sai su riƙe ƙugu su ɗaga murya, "Zakka! Zakka!" 'Yan kallo ma suka ɗauka, har da yara da mata. Zakka kuwa kiran yana masa daɗi. In wani ɗan'uwansa ya yi yunƙurin tarewa, sai ya daka masa tsawa ya ce, "Bar mini!" Shi kuwa sai ya bar masa.

Suna ta cin wasanni, gari yana murna, mai koyarwar kaɗai ne ba ya murna.

Da lokacin gasar majami'un yankin ya zo, sai ya kira Zakka gefe ya ce masa, "Wasannin farko za ka zauna a benci. Ba laifi ka yi ba. Ina so 'yan'uwanka su koyi tsayawa a bayan juna. Na kuma lura kana ɗingishi bayan atisaye."

Zakka ya ce, "Gwiwar ce kawai, Koci, tana lafawa. In ban shiga ba, wa zai tare?"

Ya ce, "Abin da nake so mu sani ke nan."

A wasan farko aka lallasa su. Sau da yawa 'yan bayan suka juya za su kira sunan da suka saba kira, sai su hango mai sunan zaune a benci. Amma gab da tashi, mai koyarwar ya ga wani abu. An yanke ɗan baya na hagu, sai wani siriri mai suna Iliya ya ruga ya tsaya a bayansa, ya ƙwace ƙwallo, ba tare da kowa ya gaya masa ba. Mai koyarwar ya ce a ransa, tsiro ya fara fitowa.

Mutanen gari ba su ga tsiro ba, kunya suka gani. Kashegari babban dattijon da ke kula da matasa ya zo har gidansa. Bayan sun gaisa ya ce, "Malam, mutane suna magana. Wa yake ajiye gatari ya sari itace da wuƙa? Allah ya ba mu yaro irin wannan, ka zaunar da shi, maƙwabta suna mana dariya."

Mai koyarwar ya ce, "Baba, mutum ɗaya ba ya tsare gida. Ku ba ni ɗan lokaci, yaran sun fara ganewa."

Dattijon ya ce, "Su gane bayan mun ɗauko kofi." Ya tashi ya tafi.

Mai koyarwar ya san gaskiya tana wurinsa, amma ya ji tsoron bakin mutane. Ya ce wa kansa, gasar nan kaɗai, in ta wuce sai in gyara. Ya mai da Zakka fili. Iliya da sauran suka koma riƙe ƙugu, nasara ta dawo, mutane suka dawo suna gaishe shi a kasuwa.

Haka suka yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe, inda suka haɗu da matasan wani gari na ƙetaren kogi. Waɗannan sun zo sun kalli wasanninsu tun da farko, sun kuma ga cewa mutum ɗaya ne bayan nan duka. Ba su yi gaggawa ba. Sai su aika ƙwallo dama, Zakka ya ruga dama. Kafin ya isa sun mai da ita hagu, ya juya ya ruga hagu. Mai koyarwar yana bakin fili yana ihu, "Ku matso! Iliya, tsaya a bayansa!" Amma muryarsa ta ɓace a cikin muryoyin masu kiran sunan Zakka.

Bayan hutun rabin lokaci, mutum biyu suka taso masa tare. Ya nufi na farko, na farkon ya miƙa wa na biyu. Zakka ya kafa ƙafa zai juya da dukan ƙarfinsa, jiki ya juya, gwiwa ba ta juya ba. Waɗanda suke kusa sun ji ƙarar. Ya faɗi a ƙasa, babu kowa a bayansa, ƙwallo ta shiga raga. Har a lokacin akwai waɗanda sunansa yake bakinsu.

Aka ɗauke shi a kan benci. Bayan fitarsa aka yi ta zura musu ƙwallo har 'yan kallo suka fara watsewa tun alƙalin wasa bai busa tashi ba.

Aka kai shi wurin maɗori, daga can aka kai shi asibiti. Ya warke har ya iya takawa da sanda, amma bai ƙara hawa tsani ya ɗora bulo ba, ga mata da 'ya'ya ƙanana, ga tsohuwa a gida. Mutanen gari suka ce tsautsayi ne. Da farko abokan wasansa suna zuwa gaishe shi. Daga baya ƙafa ta ɗauke, kowa yana tsammani wani ya je.

Wata rana mai koyarwar ya je duba shi. Ya tarar da mahaifiyarsa a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa gaisuwarsa, sa'an nan ta ce, "Malam, ni ban san ƙwallo ba. Amma an ce mini suna da yawa a filin nan. Ina sauran suke sa'ad da ɗana ya faɗi?"

Ya sunkuyar da kai ya shiga ciki.

A shekara ta gaba matasan suka koyi abin da suka ƙi koya. Babu wanda za su kira, sai suka fara kiran juna, bayansu ya yi ƙarfi. Amma Zakka bai taɓa zuwa kallo ba.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Filin shi ne ikkilisiya, shi ne kuma gidan kowane ɗayanmu. Zakka shi ne mutumin da muka sakar wa kaya domin mun ga yana iyawa. Kun san matar nan da in an yi rashin lafiya ita ce a asibiti, in an yi rasuwa ita ce a bakin murhu tun asuba. Kun san babban ɗan da dukan dangi suka rataya a wuyansa. Muna yabonsu, muna cewa Allah ya yi musu albarka, alhali yabon namu wata hanya ce ta ƙara musu kaya mu kuma mu huta. Ran da suka faɗi, sai mu ce tsautsayi ne. Ba tsautsayi ba ne, mu ne muka tsaya muna kallo.

Mai koyarwar shi ne shugaban da ya ga gaskiya ya ɗage ta zuwa gobe saboda tsoron surutu. Gyaran ya zo, amma da gwiwar wani aka saye shi.

Kai kuma da kake cewa "Bar mini," ka bincika zuciyarka. Wani lokaci girman kai yakan sa rigar hidima. In ka hana ɗan'uwanka ɗaukar nasa rabon, ka cuce shi, ka cuci kanka. Ɗaya ne kaɗai ya ɗauki nauyin kowa shi kaɗai, wato Ubangijinmu Yesu a kan gicciye, ba kuwa wani a cikinmu da aka kira ya maimaita wannan aiki. Mu an kira mu ne mu tsaya a bayan juna.

Tun ina ba da labarin nan, na san akwai fuskar da ta zo wa kowannenku a rai. Kada ka jira mako mai zuwa. In mun tashi daga nan, ka je wurin mutumin, kada ka yabe shi. Ka tambaye shi abin da ya fi masa nauyi, ka karɓa ka ɗauka.