Mai Sharhi da Zaɓen Kansila

Akwai wani mai aski da ake kira Mai Sharhi, saboda bakinsa ba ya hutawa a kan siyasa. Tambaye shi ranar zaɓen shugaban ƙasa ko ta gwamna, zai zayyano maka su tiryan-tiryan, reza a hannu. Amma zaɓen kansila? Wannan a wurinsa wasan yara ne.

Bayan gidansa akwai kwatar da ruwan unguwa ke bi. Duk damina sai ta cika ta jiƙa bangon ɗakin Inna, mahaifiyarsa, har bangon ya tsage. Cikin masu neman kansila akwai wata malamar makaranta da ta ce za ta yashe kwatar. Abokin takararta kuwa bai ɓoye ba, shaguna zai gina a kanta.

Ranar zaɓen, matarsa ta leƙo shago da katinta a hannu.

"Baban yara, yau ne fa. Ka tashi mu je, ko don bangon Inna."

Ya kwashe da dariya. "Ke dai! In rufe shago saboda kansila? Yau da kowa ke gida, ga kawuna sun taru? Mu manyan zaɓe muke jira."

Ta tafi ita kaɗai. Wani tela da ke kan benci ya miƙe zai bi bayanta, Mai Sharhi ya dafa kafaɗarsa.

"Zauna, malam, layinka ya kusa. Wai ma wa kake ganin zai ci shugaban ƙasa?"

Shi ke nan, musu ya kaure. Ana aski ana cacar baki, ba wanda ya motsa har aka rufe rumfar zaɓe.

Malama ta faɗi. Tazarar ma, wallahi, ba ta kai yawan mutanen da suka wuni a bencinsa ba.

Kafin damina an cike kwatar da ƙasa, an ɗora shaguna. Ruwan farko mai ƙarfi ya rasa hanya, ya shigo gidan. Da kyar aka fito da Inna, bangon ya rufta a kan gadonta.

Mai Sharhi ya yi ta zarya ofishin kansila, kullum a ce ya fita. Ranar da ya gaji, ya tambayi wani ma'aikacin wurin yaushe za a sake zaɓe.

"Na kansila? Ai da sauran shekaru, baba."

Ya dawo ya tarar ƙanwarsa ta zo da mota, ana loda kayan Inna. Tsohuwar ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta ce kawai, "A ɗakin nan na haife ka, na so a ce daga nan za a ɗauke ni."

Darasi: Babu ƙaramin zaɓe. Wanda ka raina shi ne ya fi kusa da ƙofar gidanka. Ka san ranar kowane zaɓe, ka fita, kada kuma ka zaunar da wani. Ku tura wa duk mai cewa "manyan nake jira".