Malam a Gabas, Baba a Yamma

Ga ta nan tafe, ku gyara zama ku tarbe ta!

Wata shekara fari ya ƙone daji, fadama ɗaya ce kawai ta rage da ɗanyen ganye. Garken Ɓauna na gabas, dangin Dorina na yamma, suna noma gyaɗa da dankali tare, suna zubawa a rumbu ɗaya. Kurege kuwa bai taɓa riƙe fartanya ba, cikinsa ya lafe kamar tabarma.

"Ni ne Kurege, ƙaramin jiki babban kai!" in ji shi. "Wanda bai iya noma ba ai ya iya magana."

Da gari ya waye, ya naɗa rawani da audugar rimi, ya nufi gabas yana tafiyar manya.

"Allah gafarta Malam, daga ina?" in ji Ɓauna.

"Daga nesa, na zo ceton ku! Kuna ci tare da masu shiga ruwa da baya? Ai duk wanda ya ci da su, ibadarsa ta tashi a banza."

"Ban taɓa jin haka ba, Malam."

"Yo ina za ka ji, kai da ba ka yi karatu ba?"

Kunya ta kama Ɓauna, ya ba shi kwandon gyaɗa sadaka.

Da gari ya waye, Kurege ya ɓoye rawani, ya liƙa gemun masara a haɓa, ya dogara sanda ya nufi yamma yana tari.

"Sannu, Baba," in ji Dorina.

"Riƙe sannunki! Ni na goyi kakarki. A zamaninsu mai ƙaho ba ya shan ruwa sai mai haure ya ƙoshi. Kun yar da al'ada, kakanni na kuka a kabari!"

Dorina ta fusata, ta cika masa buhu da dankali.

Kafin rana ta take, faɗa ya kaure. Ƙahon Ɓauna ya karye, 'yar Dorina ta gurgunce, rabin gona ya koma taɓo. Ba mai yarda ɗan uwansa ya kusanci rumbu. Ɓauna ya ce Malam ya riƙe musu, Dorina ta ce Baba ya riƙe musu. Kurege ya haye rumbu yana rawa.

"Sarki biyu a fata ɗaya! Su yi faɗa, ni in yi ƙiba!"

Kwana bakwai yana ci, har wuyansa ya ɓace.

Da gari ya waye, tsohuwar Kunkuru mai ɗorin karaya ta gaji da aiki, ta tara su a gindin suri.

"Kai Ɓauna, me ya haɗa ku?"

"Addini ne, Iya."

"Ke fa?"

"Al'ada ce, Iya."

"To, madalla. Addini ne ya cinye gyaɗar? Ko al'ada ce ta sha romon dankali? Duk kun rame. Ku duba mini wanda ya yi kumatu. A kira Malam da Baba, su yi mana bayani tare."

Kurege bai ji tsoro ba. "Wannan ma wasa ne!" Ya fito da rawani ya yi wa'azi, ya ce zai kama ruwa, ya zaga bayan suri ya dawo da gemu. Ya yi sau ɗaya, ya yi sau biyu. A na uku ƙiba ta ci amanarsa, yana haki, ya faɗo tsakiyar taro da rawani a ka, gemu a kunne.

"Kakanni sun ce haramun ne... a'a, littafi ya ce na goyi kakarki..."

Ɓauna da Dorina suka matso suna ƙare masa kallo.

"Malam?" in ji Ɓauna.

"Baba?" in ji Dorina.

Ɓauna ya kwashe shi da guntun ƙahonsa ya cilla yamma, Dorina ta mako shi gabas da hanci. Haka suka yi ta 'yar jifa da shi, shi ne aikin farko da suka yi tare tun ranar faɗa. Da ƙyar ya sulale cikin ramin suri, ya ɓulla ta baya, ido ɗaya a kumbure, jela a tsige.

Sai da ya kai kan tudu ya waiwayo, yana ɗingishi yana ihu:

"Ni na ara muku ƙaho? Ni dai na faɗa, ku kuka soka! Kuma gyaɗar ba ta dawowa!"

Ƙurunƙus kan mai tsigaggiyar jela. In ƙarya na yi, ku kamo shi ku tambaya.