Kamal da gansakukar randunan sabil

Akwai wani ɗan kasuwar riɗi a Gadarif ta ƙasar Sudan mai suna Kamal. Mutum ne mai son a gani a yaba.

Da mahaifinsa ya rasu, uwarsa Ummusalama ta kafa sabil a ƙofar gida, randunan ruwa a inuwar bishiyar nim, don ladan ya riƙa isa ga mamacin. Leburorin da ke jiran lori zuwa gonakin yankin Simsim nan suke sha, su yi masa addu'a su wuce.

A hankali gansakuka ta lulluɓe gindin randunan, kore shar.

Ni na daɗe ina lura da wannan aba. Ba ta da saiwa, da jikinta take shan ruwa. Ba ta fure, irinta iska ke kawo shi, ido ma ba ya ganinsa. Inuwa da danshi kawai take nema. In ta bushe sai ka rantse ta mutu, ka yayyafa mata ruwa ta farfaɗo. Duk randar da ta kama, randa ce mai gumi, kuma gumin nan shi ke sanyaya ruwa.

Kamal bai ga haka ba. Ya sami uwarsa, wadda yake kira Yumma.

"Yumma, wannan ƙazanta a ƙofar gidana? Dillalai fa suna zuwa wurina."

"A waje take, ya walad, ɗana. Cikin randar kullum ina wankewa. Ka taɓa ganin ta a kofinka?"

"Ai mutane waje suke gani."

"Mutane ruwa suke sha."

Da ta tafi biki garin Gedambaliya ana tsakiyar yankan riɗi, sai ya kankare randunan tas, ya shafe su da buhiya, wato fenti mai mai, shuɗiya. Sun yi kyau, wannan ba ƙarya.

Amma buhiyar ta toshe yumɓun, randuna suka daina gumi, ruwa ya yi ɗumi. Wani lebura mai suna Gado ya kurɓa, ya dubi Kamal.

"Ya hajj, ganyen shayin kawai ya rage. Ko da sukari za ka haɗa mana?"

Sauran suka yi dariya, suka koma sabil ɗin layin baya.

Ummusalama ta dawo, ta tsoma yatsa a randa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka yi wa ƙofarka ado, ka yanke wa ubanka lada."

Kamal ya kasa cin abinci ranar. Ya gwada goge buhiyar, ashe ta riga ta shige cikin yumɓu. Ya kawo sababbin randuna, amma sabuwar randa ɗanɗanon ƙasa take yi, leburori kuwa ƙafarsu ta saba da wancan layin.

"Yumma, ina ake samo gansakukar a manna musu?"

"Ba ta zuwa da kira. Ka cika randa kullum, ka bar ta a inuwa."

Shi da kansa ya riƙa cika su, jallabiyarsa tana jiƙewa a gaban dillalan da yake jin kunya. Lokacin da kore ya fara bayyana a gindinsu an gama yankan riɗi, an gama na dawa, leburori sun koma garuruwansu. Addu'ar kaka guda ta wuce ubansa.

Darasi: kafin ka kankare abin da ya ɓata maka ido, tambayi mai wurin abin da yake nunawa. Kada ka sayar da amfani don ka sayi kallo. Ku tura wa duk mai shirin gyara abin da ba shi ya kafa ba.