Ranar da Kurege Ya Amsa Sunan Baƙon Wata

Ga ta nan, ga ta nanku, yau da ƙafarta ta zo.

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

Wata Mesa ce, tsohuwa, ƙatuwa, wadda in ta miƙe kanta na zaure wutsiyarta na bayan gida. Gidanta makeke, rumbuna ba iyaka, ma'aikata ba iyaka. Amma kun san Mesa, ba hannu ba ƙafa. Ba ta zuwa wurin kowa, sai dai a kawo mata. In tana son a yi wani aiki, sai ta ɗaga kai ta ce, "A shigo mini da wane." Masu rubuta manhajar kwamfuta sun san irin gidan nan sarai, a cikinsa suke wuni.

To, ga yadda gidan ke tafiya. Kowace safiya Hankaka zai hau tsamiya ya jero sunayen duk waɗanda ke gidan. Suna kawai yake faɗa, ba ya cewa wane kaza ne, ko aikinsa kaza. Sai Jaba, ita ce mai nema. Idonta ba ya gani sosai, kuma hanya ɗaya ta sani: ta fara da bakin ƙofa, ta shiga tsakar gida, ta bi rumbuna, ta ƙare a garken bayan gida. Tana tafe tana kiran sunan da aka ce, wanda duk ya fara amsawa shi ne, ba ta ƙara gaba. Sai Gwaggon Biri, shi ne mai ɗaukowa. Ba ya tambaya, ba ya musu, abin da aka ce a shigo da shi zai saɓo a kafaɗa ya dire.

Akwai kuma ƙa'ida guda. Duk wanda aka shigo da shi, Mesa za ta tambaye shi, "Kai kuma me za a shigo maka da shi?" Kuma ba ta gamawa da shi sai an kawo masa abin da ya ce. Mesa tana iya haɗiye ɗan maraƙi, amma ba ta iya tsallake ƙa'idarta.

Ana nan, ana nan, sai Kurege ya zo wucewa da yunwa tana ƙwaƙular cikinsa. Ya ji Hankaka yana shela: "Mai-zaɓen gyaɗa! Mai-ɗanɗanon zuma! Mai-gadin aya! Baƙon Wata!" Ya tsaya, miyau ya tsinke masa. Ya laɓe ya ga yadda Jaba ke nema, ya ga inda take farawa. Ya ce a ransa, "Ashe abin ba na cancanta ba ne, na wanda ya fi kusa ne."

Sai ya haƙa rami dab da bakin ƙofa, ya shige, ya kasa kunne.

Can sai murya ta fito daga zaure, a hankali, kamar ana jan buhu a ƙasa: "A shigo mini da Mai-zaɓen gyaɗa."

Jaba ta fito tana shinshine-shinshine. "Mai-zaɓen gyaɗa na nan?"

Kurege ya ce, "Ga ni!"

Jaba ta ce, "An samu." Gwaggon Biri ya saɓe shi, ya dire a zaure.

Wayyo, zauren nan! Sanyi kamar cikin rijiya, ga wani ƙarni, ga ƙasusuwa fari fat a lungu. Ga Mesa a naɗe, tsibi guda, idonta ba ya ƙiftawa. Harshenta ya fito, ya taɓa hancin Kurege, ya koma.

Mesa ta ce, "Kai kuma me za a shigo maka da shi?"

Da ƙyar ya ce, "Bu... buhun gyaɗa, ranki ya daɗe."

Aka kawo. Ya zaɓa, ya zaɓa, duk mai kyau ta bi ta cikinsa. Ya fito yana rantsuwa ba zai sake taka zauren nan ba. Shi kuwa ainihin Mai-zaɓen gyaɗa yana can rumbu yana jiran kira, shiru.

Gari na wayewa, tsoro ya tafi, yunwa ta dawo.

"Mai-ɗanɗanon zuma na nan?"

"Ga ni!"

"Mai-gadin aya na nan?"

"Ga ni!"

Kowane suna, ga ni. Kowane suna, ga ni. Kullum ya shiga yana rawar jiki, ya fito yana gyatsa. Kurege ya yi ɓul-ɓul, wuya ya haɗe da kafaɗa, har ramin ya fara matse shi.

Sunan nan ɗaya ne dai bai taɓa jin an kira ba: Baƙon Wata. Yakan kwanta yana lissafi a zuci. "In mai zaɓen gyaɗa ana ba shi buhu, ina ga baƙo? Baƙon da sai wata-wata ake ganinsa? Ai wannan sai liyafa."

Ran nan da hantsi, gidan ya yi tsit. Hankaka ya bar tsamiya. Kaji suka shige akurki. Murya ta fito daga zaure, ta fi ta kullum taushi: "A shigo mini da Baƙon Wata."

Jaba ba ta rufe baki ba Kurege ya ce, "Ga ni! Ga ni!"

Jaba ta ce, "An samu."

Gwaggon Biri ya saɓe shi, amma bai nufi zaure ba, sai bakin randa. Ya wanke shi tas. Kurege ya ce, "Ka ga karamci!" Ya shafe shi da man shanu tun daga kunne har wutsiya. Kurege ya ce, "Ka ga gata!" Sai Biri ya ɗauko aska ya fara yanke masa farce.

Kurege ya ce, "Yallaɓai, farcen kuma na mene ne?"

Biri ya ce, "Kada ya karce mata maƙogwaro."

"Maƙogwaron wa?"

"Na uwar gida."

"To... man shanun fa?"

"Don ka wuce sumul."

Kurege ya waiga. Ya dubi Jaba. "Yaya Jaba, don Allah, wane ne Baƙon Wata?"

Jaba ta ce, "Kai mana. Da can wani rago ne a garken baya, ana kiwonsa, don uwar gida sau ɗaya take cin abinci a wata. To yau ka riga shi amsawa."

"Wallahi ba ni ba ne! Ni Kurege ne, ɗan gidan Kurege, ku tambayi kowa!"

"Na kira, ka amsa. Ni ba na leƙa cikin suna."

"Ki ƙarasa garke ki gani, yana can da ƙahonsa!"

"In na samu a kusa, me zai kai ni nesa?"

Ya yi wuf zai gudu, ina! Hannun Biri ya rufe shi kamar tarko. Aka dire shi a zaure.

Yau Mesa ba a naɗe take ba. Ta warware, ta zagaye zauren, ta toshe ƙofa da jikinta. Ta dube shi, ta dube shi, ta ce, "Baƙon wannan wata ƙarami ne. Amma da maiƙo." Sannan ta ce, "Kai kuma me za a shigo maka da shi?"

Kurege ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ya sake buɗewa, sai iska. Mesa ta ce, "Ba ya son komai." Ta wangame baki, wani rami ja mai tururi, ta kama shi ta wutsiya.

Wutsiya ta shige. Ƙafafu suka shige. Ya ji ɗumi yana hawowa, ya ji ana jan sa ƙasa a hankali, ba gaggawa. Ya nemi abin kamawa, ba farce. Ya kai ƙugu. Ya kai ƙirji. Nan tsoro ya matse shi har dabara ta fito, ya ƙwala ihu:

"A shigo mini da Baƙon Wata!"

Mesa ta tsaya cak.

Jaba ta shinshina, ta ce, "Baƙon Wata na nan?"

Kurege ya ce, "Ga ni, rabina!"

"An samu."

Gwaggon Biri ya matso, ya kama kunnuwansa, ya fizgo shi daga bakin Mesa, fut! Ya dire Kurege a gaban Kurege, ya ce, "Ga shi."

Mesa ta yi tari. Ta ce, "Wane irin iskanci ne wannan?"

Biri ya ce, "Ƙa'ida ce, ranki ya daɗe."

Mesa ta haƙura, don ƙa'idar tata ce. Ta sake kama shi ta wutsiya. Ya kai ƙirji, ya yi ihu, Jaba ta ce an samu, Biri ya fizgo, fut! Ta sake, ya sake, aka sake.

Sai Mesa ta sauko da kanta daidai fuskarsa, ta ce a hankali, "Na gane. Bakin ne matsalar. Bari in fara ta kai."

Kurege ya gane nufinta. In kai ya shiga, wa zai yi ihu? Ga baki yana tahowa, ga haƙora jere kamar allurai, ga duhu ya rufo. Ya tattara numfashin da ya rage masa ya ce da sauri:

"A shigo mini da Baƙon Wata, in an shigo da shi a sake shigo da shi, in an sake a kuma sakewa, kada a daina!"

Haf! Duhu.

A cikin duhun nan ya ji bugun zuciyar Mesa a kunnensa, dum, dum. Ya ce shi ke nan, Biri bai ji ba. Ya fara salati. Sai ya ji an damƙi wutsiyarsa, fut! Haske.

"Ga shi."

Haf! Fut! "Ga shi." Haf! Fut! "Ga shi." Mesa na haɗiya, Biri na zarowa, Jaba na cewa an samu. Rana ta take, rana ta karkata. Man shanu ya ƙare, haƙoran Mesa suka dinga zana masa layi a haƙarƙari, wutsiya ta sha fizga har ta tashi buzu-buzu. Ba mai iya dainawa, don ba wanda ya san inda abin ke ƙarewa.

Can wajen la'asar Mesa ta wangame baki, bakin ya ƙi rufuwa. Ido a kafe, jiki a sandare, ba gaba ba baya.

Jaba ta ce, "Ta maƙale. Sai an bari ta huce a tashe ta daga farko."

Biri ya dire Kurege, yana haki, ya ce, "Ga shi."

Kurege ya miƙe yana tangaɗi. Ya ce, "Yallaɓai, wa aka kawo wa Baƙon Watan nan?"

Biri ya ce, "Kai."

"Wato kayana ne?"

Biri ya sosa ƙeya. "Kayanka ne."

"To bari in kai kayana gida."

Ya haura ta kan Mesa, ya fita ƙofa a hankali kamar mutumin kirki. Yana shan kwana ya zuba a guje, bai tsaya ba sai tsakiyar daji.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege za ku ga farin layi a gefensa, ga wutsiya buzu-buzu. Ba ya haƙa rami a bakin ƙofar kowa. In ya ji motsi sai ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu ya kasa kunne, kuma ko uwarsa ce ta kira shi da sunan yanka, ba ya amsawa.

Kurunkus kan jaba. Wanda duk zai amsa sunan wani, ya fara zagayawa garke ya ga ko mai sunan yana da ƙaho. In kuwa aka kai ka baƙunci aka fara shafa maka man shanu, kada ka tsaya godiya.